Mai Tsire da Ya Ba Wutarsa Baya

To, Alhaji Tanimu, ka tashe ni daga barcin rana, ko goro ɗaya ba ka riƙo ba, wai in ba ka shawara a kan telanka da ya koma shagon maƙwabcinka. Ni da ake yo tattaki daga Gusau don a ji ta bakina! Ba komai, gyara zama. Ka ce ya yi maka alkawari in ya bar ka ba zai yi ɗinki a unguwar nan ba, kuma gobe za ka kai shi ƙara. Kafin ka nemi lauya, saurari wannan.

An yi wani mai tsire a bakin tasha, wanda ƙamshin namansa kan sa direba ya taka birki ko ba mai sauka. Yana da ma'aikaci da ya daɗe a hannunsa, ya iya yanka, ya san haɗin ƙuli da citta da masoro. Tun ranar da ya ɗauke shi ya sa shi alkawari a gaban Sarkin Fawa: in ya bar aikinsa, ba zai taɓa wuƙa ko tsinke a garin ba sai shekara ta zagayo. Ana nan ma'aikacin ya yi iyali, bakin ci ya ƙaru, mai tsiren tsallaken titi ya yi masa tayi mai tsoka, ya koma can. Maigida ya garzaya wurin Sarkin Fawa. Sarki ya ce gaskiya tasa ce, alkawari kaya ne, amma shi ba shi da ɗan gadin da zai ajiye a tasha. In ya kama shi da wuƙa a hannu, ya kawo shaida.

Sai maigida ya juya kujerarsa ta fuskanci titi, ya ba tukubarsa baya. Tsire kuwa ka san halinsa, ba ya son a kau da ido. Tsinkayen nan da aka kafa kewaye da wuta sai ana juya su, ana yayyafa musu mai. Shi kuwa idonsa na can tsallake. Tsohon ma'aikacin ya ɗaga hannu zai kori ƙuda, maigida ya miƙe zumbur. Ya zagaya bayan rumfa zai yi alwala, maigida ya bi ta tsakanin motoci yana leƙe. Kafin ya dawo, gefe ɗaya na naman ya zama gawayi, ɗaya gefen yana nan ɗanye. Mutumin kuma ya riƙe alkawarinsa tsaf. Sabon maigidansa ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aikinsa ke nan gaisawa da direbobi da tambayar iyali, har kumatu suka fito masa. Waɗanda suka ci ƙonanne suka gaji, ɗaya bayan ɗaya suka tsallaka wurin da ake yi musu fara'a.

Rannan wani tsohon direba da ya rage masa ya gutsiri tsire ya tofar, ya ce, “Malam, nama na biya ko toka?” Maigida ya dubi tukubarsa, ya dubi mai kumatun can yana kishingiɗe. Ya tsallaka titi da kansa, ya ce, “Tashi ka kama wuƙarka, na yafe. Bar ni in ga wutata.” Ya koma ya juya kujera. Ƙamshi ya dawo, kuma tasha ba ta taɓa rasa masu jin yunwa ba. Su biyun kowa kan sayar da nasa tas ya kaɗe tire.

Yanzu kai, Alhaji, sallah ta matso, yadin mutane ya cika maka shago, ga ka nan zaune a zaurena kana lissafin keken ɗinkin wani. Naka wa ke taka su? Tashi ka tafi, goron nan da ba ka kawo ba na bar maka shi sadaka, tunda ni mai yafiya ne. Hausawa dai sun riga ni faɗa: hana wani, hana kai.