Maƙerin da Aka Ɓoye wa Baƙi

Tunda ka ce an sa ka cikin masu zagaya asibitocin karkara don duba aikinsu, zauna in ba ka misali kafin ka hau mota.

A wani gari an yi wani maƙeri mai ƙarfin damtse, wanda rabin fartanyoyin garin daga maƙerarsa suka fito. Tari ya kama shi tun da rani. Ya ce hayaƙin gawayi ne, ya sha zuma da citta, ya sha duk saiwar da mai tausayi ya miƙo masa, amma tari ko gezau. Ya rame har rigarsa ta koma kamar ta aro, guduma ta fara yi masa nauyi. To, a ɗakin shan magani na garin an kawo wata na'ura mai gwada kaki, wadda ke nuna ko mutum na da tarin fuka, kuma in ta nuna akwai, magani kyauta ne. Matarsa ta yi magiya ya je a gwada shi har bakinta ya gaji. Sai ran da ya ga jini a inda ya tofar sannan ya yarda, ya ɗauki sanda ya kama hanya, yana tafe yana hutawa. Aka yi rashin sa'a, ranar ce masu tantance shirin gwajin suka zo daga birni, su ga ko ciwon ya ragu ko kuwa har yanzu garin na bukatar na'urar. An shafe bango da farar ƙasa, an kafa rumfa, ƙamshin soyayyar kaza ya kori warin magani. Babban ma'aikacin wurin ya tare shi tun a bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau muna da baƙi. A rufa wa gari asiri, ka dawo mako mai zuwa." Kunya ta rufe maƙeri sai ka ce shi ya yi laifi. Shi da ko a gidansa ba ya bari baƙo ya ga tsumma a kan igiya, yaya zai tsaya yana tofar da jini gaban mutanen birni? Aka zagaya da shi bayan katanga ya huta, ya tarar da wasu masu tari irinsa zaune a gindin tsamiya, kowa na toshe baki da gefen riga kada a ji shi.

Ta wata kafa a jikin katangar ya ga yadda aka yi aikin. An jero samari majiya ƙarfi, 'yan ƙwallo da masu dako, waɗanda ko mura ba sa yi, aka ce su za a gwada. Na'ura dai ba ta san ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta duba, ta ce lafiya ƙalau. Su kuwa baƙin, duk da iliminsu, babu wanda ya tambayi wa ya zaɓo waɗannan ƙattin, babu wanda ya leƙa bayan katanga, balle ya shiga unguwa ya ji gidajen da ake fama da tari. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai har yau. Wanda ya ɓoye marasa lafiya ya yi ha'inci, mun ji. To wanda aka aiko musamman ya duba, ya zauna a inuwa ya cika cikinsa da kaza, me za a kira shi? Baƙin suka yi tafi, suka ce gari ya yi nasara, ciwo ya kau, don haka a kai na'urar inda ake bukatarta. Da mako ya zagayo maƙeri ya dawo kamar yadda aka ce masa, ya tarar da tebur wayam, sai takardar yabo rataye a bango. Aka ce in gwaji yake so sai birni, ga damina ta sauka rafi ya cinye hanya, ga shi ko masallaci sai an riƙe shi yake zuwa. Bai ga kaka ba. Da digar da shi ya ƙera aka haƙa kabarinsa. A zaman makoki babban ma'aikacin ya zo gaisuwa, ya zauna ya sunkuyar da kai, daga cikin gida kuwa ana jiyo matar mamacin tana irin tarin nan, ita da jikar da ke kwana a ɗakinsu.

Saboda haka in ka je, kada ka tsaya iya inda aka shimfiɗa maka tabarma, ka zagaya bayan katanga. In kuma an ce maka asirin gari ake rufewa, ka tuna musu da abin da magabata suka ce: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.