Sunan 'Yar Fari

Zakiya tana ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata, amma ba wanda ya taɓa jin Hausa a bakinta a makarantar. A Jidda aka haife ta, a unguwar Hindawiyya. Da ta sa abaya ta fito, sai ta bar harshen uwarta a bakin ƙofa kamar silifas ɗin wanka, don kada 'yan aji su dinga ce mata baƙuwa.

Wata rana aka tafka ruwa irin na Jidda, wanda kan daɗe bai zo ba, in ya zo kuwa titi ya koma kogi. Har akuya aka gani tsaye a kan mota. Dela, uwar Zakiya, ta tattare zane ta keta ruwan nan, ta iso makaranta ɗaukar 'yarta, jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa.

Malama ta tare ta a gaban ɗalibai. "Hajiya, yaya sunan 'yarki?"

Dela ta sunkuyar da kai. Zakiya 'yar fari ce, kuma a garinsu Dela uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, saboda kunya. Tun haihuwa "ke 'yar nan" take ce mata.

"Doguwa ce," in ji Dela da guntun Larabcinta. "Mai wushirya."

'Yan mata suka kwashe da dariya. "Ya salam! Uwa ba ta san sunan 'yarta ba!" Wata ta zunguri Zakiya. "Ke fa take kallo."

Zakiya ta ji kamar ta nutse. Ta ce wa malama, "'Yar aikin gidanmu ce. Yalla, mu tafi."

Larabcin Dela ya kai ta fahimci wannan. Ta shige gaba tana laluba mata ramuka da ƙafa.

A gida ta zubo tuwo ta ajiye. "Zakiya, ga abinci," ta ce, kamar mai kiran 'yar maƙwabta.

Yarinya ta zube tana kuka, da Hausarta mai tsatsa. "Inna, ki bari! Ki ce min ke 'yar nan."

"Halas, ya wuce, Zakiya. Ci kada ya huce."

Dela ta yafe mata, amma har ta koma ga Allah da sunan take kiranta.

'Yan makaranta, dariyar 'yan aji ba ta wuce lokacin tashi. Kada tsoronta ya sa ku musanta iyayenku da asalinku, domin wannan kunyar ba ta da ranar ƙarewa.