Jinin Firistoci

"Yaya, ɗaga sandar mana, rumfar auren tana taɓa kan angona," in ji ƙanwata, tana dariya.

Na ɗaga. Ubanmu ɗaya, amma ita ce uwarta Bayahudiya, su kuwa ta uwa ake gadon addini. Angon kuwa ni ya fara so.

Dominsa na duƙufa karatun addinin Yahudawa, na nutse a ruwan tsarki, na je kotun malamansu ta birnin Haifa da murnata.

"Maraba, 'yata," alƙali ya ce, bai dube ni ba. "Sai dai saurayinki jinin firistoci ne, ba sa auren wadda ta shigo addinin daga baya."

Addinin ya karɓe ni, ya miƙa saurayin ga wadda ko addu'ar Asabar ba ta iya ba.