Ledar Jinin Tabawa

Tun da kotu ta daina karɓar shaidar baki, ta koma zaro abin da mutum ya gani daga cikin kansa, Malam Tanimu bai je ba sai yau. Shekara shida ke nan da kotu ta wanke asibitin da matarsa Tabawa ta rasu daga laifi. Jiya wata tsohuwar nas ta faɗa masa jinin da aka tanadar wa wata aka ƙara mata. Shi kuwa ya ga ledar jinin da sunan da ke jikinta, karatun boko ne bai iya ba.

"Baba, in sunan wata ya fito, za a sake shari'a," in ji ma'aikaciyar kotun. "Amma yinin da ta rasu gaba ɗaya injinmu zai cire daga kanka, kuma ba ya mayarwa."

A yinin nan ne Tabawa ta riƙe hannunsa, ta yafe masa zafin ransa na shekara talatin.

"'Yata, in na tashi, ki ce mini ta yafe mini."

"Zan faɗa, Baba. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya yarda ba."

Ya daɗe yana kallon kujerar injin. Sannan ya cire hularsa, ya zauna.