Layukan Ƙasan Shafi

Ka ce manhajarka ta yi aiki a kwamfutarka, ko? To, ni duk wanda ya faɗa mini haka sai na ƙara zarginsa. Ja kujera ka ji wani misali.

An yi wani mai rubuta manhaja, gwani ne ba ƙarya, sai dai akwai shi da gaggawar tsiya. Wani ƙaramin asibiti ya ba shi aikin manhajar adana bayanan marasa lafiya. Dabararsa ita ce, in nas ta ƙara bayani, sai manhajar ta rubuta sabon fayil ta ɗora shi a gurbin tsohon. Littafin jagorar rubuta manhaja da yake bi ya yarda da hakan, amma can ƙasan shafin akwai 'yan layuka masu ƙananan baƙaƙe. Sun ce a wasu tsarukan kwamfuta, muddin tsohon fayil na nan, sabon ba zai hau gurbinsa ba, don haka a riƙa duba amsar da na'ura ta mayar. Ya karanta rabi, ya ja tsaki, ya ce tsoron tsofaffi ne. Ya gwada a tasa kwamfutar sau ashirin, lafiya lau. Ko tambayar tsarin da ke kan kwamfutar asibitin bai yi ba.

Ashe nasu daban ne. Manhajar tana ta nuna an adana, alhali ko ɗigo bai shiga ba. Wata nas ta rubuta cewa jikin wani dattijo ba ya karɓar wata allura. Kwana uku bayan nan, wadda ta canje ta ta buɗe bayanansa, ba ta ga gargaɗin komai ba, ta ɗirka masa allurar. Nan take fuskarsa ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka ceto shi. Da aka kira gwanin, ya zo yana rantse-rantse wai a tasa kwamfutar komai daidai yake. Babbar nas ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, a cikin kwamfutarka aka kwantar da shi?" Ya koma ya buɗe shafin littafin, ya tarar da layukan nan a inda ya bar su.

Waɗanda suka rubuta layukan nan, wuta ce ta taɓa ƙona su. Saboda haka tashi ka karanta naka littafin jagorar har ƙasa, kafin in sa hannu in amince da manhajarka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce abincin wani, gubar wani.