Ƙyallen Lambun Tabawa

Ɓarawon bai bar wa Ayuba ko ɗanyen tumatir ba a layin gabas. Wannan lambu ne zai riƙe gidansa har damina, ga shi ana yashe shi kaɗan-kaɗan.

Duk wanda ya taɓa zama da Ayuba a Bande ya san wa'azinsa guda ne, a majami'a ko a bakin rijiya. Akwai malam-buɗe-littafi mai ruwan goro wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya, ya tashi da dafi a jiki. Tsuntsun da ya haɗiye shi ya sha amai, ba ya ƙarawa. Akwai wani kuma, ba shi da dafin komai, amma Ubangiji ya ɗinka masa riga iri ɗaya, tsuntsaye na ganinsa su kauce.

"Wa ya koya wa ƙwaro ɗinki?" in ji Ayuba. "Tun ranar halitta aka yanka masa ita."

Son ƙwarin nan ne ya sa bana ya rataye famfon feshinsa, don maganin na kashe su. Matarsa Saratu kaɗai ta yi murna, tsohon zanenta ya huta da yaga. Har maƙwabcinsa Gajere, wanda bara ke canza hanya in ya hango lambun, ya dawo yana gaishe shi da fara'a, ya yi ƙiba abinsa.

Lambun tsohuwa Tabawa kuwa, da ke jikin nasa, ko ganye ba a taɓawa. Jan ƙyalle ne ɗaure a kan sanda, irin wanda ya cika lambunan garin. An ce laya ce mai kumbura ciki. Ayuba dattijon majami'a ne, ya sha faɗin cewa laya aikin banza ce. Amma da sata ta kai layin yamma, sai ya tsallaka shinge, kunya kamar ta kashe shi.

"Inna, ba wai zan yi ba ne," ya ce yana sosa ƙeya. "Tambaya ce kawai. Wane malami ya haɗa miki?"

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsokanata kake yi, ɗan nan? Bara Gajere ya ci tumatir a lambunka, a layin da aka ɗaura wa jan ƙyalle, sai a amalanke aka kai shi wajen likita. Tun ranar kowa ya yago nasa ya ɗaura. Nawa tsumma ne kawai."

Ayuba ya tuna jan zanen Saratu, wanda a da yake yagowa ya ɗaura a duk layin da ya yi wa feshi, don kada 'ya'yansa su tsinka.

Tsohuwar ta matso, ta rage murya. "Dama ina jin nauyin roƙonka ne. Tunda kai ne mai ta gaskiyar, ka taimaka mini da ɗaya mana."