Motar da Ta San Nauyin Malam Tanko

A wannan zamani, ƙwaƙwalwar kowace mota mutum ɗaya ta sani: nauyinsa a kujera da yadda yake taka totur. Motar da ta kwana arba'in ba a tayar ba, hukuma ce ke ɗauke ta.

Kwana talatin da tara da rasuwar Malam Tanko, matarsa Kande ta shiga motarsa, ta zauna a mazaunin direba. Motar nan kaɗai ya bar musu. Shekara ashirin tana zama gefensa, ta haddace takunsa: biyu a hankali, na uku da ƙarfi. Ta taka, injin bai motsa ba.

"Yaya Kande, ramewa kika yi," in ji Delu, ƙanwar marigayin. "Wannan abar ina ruwanta da takaba? Nauyi ta sani."

Delu ta ɗora mata buhun gero a cinya. Shiru. Ta ƙara dutsen niƙa.

"Ke, karya ni za ki yi?"

"Taka dai!"

Kande ta yi bisimilla ta taka. Injin ya yi tari, ya kama. Delu ta rangaɗa guɗa, ta manta gidan makoki ne.

"Barka da dawowa, Malam Tanko," in ji motar.

Kande ta share hawaye, ta kumbura murya irin ta marigayin.

"Yauwa. Na same ku lafiya?"